Na sauya waya saboda kyamara, na manta da memori

Wata uku ke nan da na bar kamfanin wayar da na shekara biyar ina riƙe da kayansa. Ba faɗa muka yi ba. Wayar ce ta tsufa, an daina turo mata sabuntawar tsaro, hotunanta na dare kuma sai ka rantse cikin hazo aka ɗauke su. Kafin in saya na zauna na jera komai a takarda kamar mai shirin jarrabawa. Na ga Google ya yi wa Pixel 8 alƙawarin sabuntawa na shekara 7 a 2023, Samsung ma ya yi haka da Galaxy S24 a 2024, sai na ƙudura ba zan ƙara sayen wayar da za a yi watsi da ita bayan shekara biyu ba. Wadda na ɗauka ba cikin waɗannan take ba, amma alƙawarinta ya gamsar da ni.

Duk wannan lissafin, abu ɗaya bai zo min a rai ba. Daren da na buɗe kwalin, na zaro memorina daga tsohuwar wayar, ɗan ƙaramin kati mai gig 128, na ɗora shi a kan tebur. Na sa allurar nan na turo wurin saka layi na sabuwar. Rami biyu ne, gaba da baya, duka na layi. Na juya shi, na sake juyawa, har na haska fitila cikin ramin wayar ko akwai wata kafa da ban gani ba. Babu. Jikina ya yi sanyi, don a katin nan ne hotunan shekara biyar suke, da bidiyon 'yata ranar da ta fara tafiya, da muryar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wadda na naɗa lokacin yana jinya. Ban yi asarar komai ba, amma ma'ajiyar sabuwar wayar ita ma gig 128 ce, kuma manhajarta ta riga ta cinye wani kaso tun kafin in saka hoto ko ɗaya. Katina kuwa saura kaɗan ya cika. Ina za a zuba su?

Dare biyu na yi a gaban kwamfuta ina tankaɗe da rairaya, wannan ya shiga, wancan ya zauna. Da na gama kwafewa sai wani sabon ciwon kai: hotunan da mutane suka turo min ba su ɗauke da ranar da aka ɗauke su, don haka wayar ta tara su duka a ranar da na kwafe. Hoton shekara huɗu baya ga shi nan kusa da na jiya. Laifina ne da ban duba ba, na yarda. Amma me zai hana su rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali cewa ba ta ɗaukar memori?

Kyamarar kam ta wanke min zuciya. Tsohuwar tana taƙama da megafiksel 108, wannan 50 ce, har na yi ɗar-ɗar. Ashe lambar ba ita ce magana ba. Waccan haɗa ɗigo tara-tara take yi ta ba ka hoto mai megafiksel 12, wannan kuma idonta ya fi girma kuma tana da abin da ke hana rawar hannu ɓata hoto. Na ɗauki 'yata tana barci, da ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa kawai, gashin idonta ya fito ɗaya-ɗaya. A ranar na ce wa matata kuɗina bai faɗi ƙasa ba.

Sai dai maganar caji ta dawo da ni ruwa. Babu kan caja a kwalin, igiya kawai. Na ce ba komai, ina da tsohon kaina mai wat 67 wanda yake cika waccan kafin in gama shirin fita. Na jona, sai rarrafe. Bakin duka USB-C ne, amma saurin wancan kan tsarin kamfaninsu ne na kansu, da wayarsu kaɗai yake aiki. Na sayi wani kan da ya dace, shi ma wat 25 ne iyakar abin da wayar ke karɓa, sama da awa ɗaya kafin ta cika. Ramin iyafis ma babu, wannan ko a jikina.

Da za a ce in ba ta maki, ran nan na hoto da biyar zan bayar, yau uku. Tsohuwar wayar da na yi niyyar sayarwa tana nan cikin durowa da memorin a jikinta. Duk ƙarshen mako nakan yi mata caji, don muryar Baba a can na bar ta.