Ra'ayina kan shafin IReV: tauraro uku cikin biyar, kuma ga dalili

Jama'a duk mai bin harkar zaɓe ya san shafin nan na hukumar zaɓe INEC da ake kira IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfar zaɓe. Mutane sun rabu biyu a kansa, wasu na cewa yaudara ce kawai an kashe kuɗi a banza, wasu kuma da zarar sun sauke hoto biyu uku sai cika baki wai shikenan kotu za ta ƙwato musu kujera. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Ina cikin samarin da suka zauna duba takardu wa wani ɗan takarar majalisar jiha bayan zaɓen 18 ga Maris 2023, don haka abin da na taɓa da hannuna zan yi magana a kai.

Yadda yake aiki ba wani wahala. Idan an gama ƙirga a rumfa malamin zaɓe zai cika fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, ya sa hannu ya buga hatimi, ejan na jam'iyyu su sa nasu hannun, sai ya ɗauki hoton takardar da na'urar BVAS, wadda ake tantance masu zaɓe da ita, ya tura. Kai kuma daga wayarka ka zaɓi irin zaɓen, ka shiga jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sai rumfa, takardar ta fito maka. Kyauta ne, datarka kawai za ta ji a jikinta. An fara gwada shi ne a zaɓen cike gurbi na ɗan majalisar jiha mai wakiltar Nasarawa ta Tsakiya a watan Agusta 2020, sannan zaɓen gwamnan Edo a shekarar, kafin a kai ga babban zaɓen 2023 inda rumfuna suka haura 176,000.

Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne ya cire wa ejan da 'yan kanzagi ikon riƙe labari su kaɗai. Da can sai dai kaji ance, wane yace an yi mana aringizo a akwati kaza, kai kuma ba ka da hanyar tabbatarwa sai ka hau ka zauna. Akwai wani ejan namu da ya shigo ofis yana huci, wai a rumfarsa mu muka ci da tazara amma an juya a wajen tattarawa, muka ce ina kwafin da aka ba ka, ya zaro wata takarda daga aljihun gaba duk ta nannaɗe, gumi ya jiƙa ta, rubutun ya dushe ko lamba ɗaya ba ka iya karantawa. Muka buɗe rumfar a laftof muka ƙara girman hoton, ga lambobi nan ɓaro-ɓaro, an kayar da mu, kuma ga sa hannunsa nan a layin jam'iyyarmu har da wata 'yar lanƙwasa da yake yi a ƙarshen suna. Sai ya fara sosa ƙeya wai ai lokacin ya tafi sallah ya dawo aka miƙo masa biro. To ka ga da mun saka wannan rumfar a cikin ƙorafi da lauyoyin ɗaya ɓangaren sun yi mana dariya a gaban alƙalai. Mutane na ɗauka shafin na kama maguɗi ne kaɗai, alhali yana kashe ƙaryar maguɗi ma, kuma a irin wannan aikin rabin nasara shi ne ka san inda ba ka da magana ka bar shi.

Ga mai son ya duba da kansa, kar ka tsaya kan wa ya ci wa ya faɗi, lissafin saman takardar shi ne wajen. Akwai adadin masu rajista, adadin waɗanda aka tantance, ƙuri'un da aka kawo, waɗanda ba a yi amfani da su ba, waɗanda suka lalace da waɗanda aka ƙi karɓa. Misali a ce an tantance mutum 180 amma in ka haɗa ƙuri'u masu kyau da waɗanda aka ƙi karɓa ka samu 240, wannan aringizo ne, kuma a dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, da adadin waɗanda aka tantance ake aunawa ba da masu rajista ba, rumfar sokewa ake yi. Sannan ka duba ko lamba ta yi daidai da abin da aka rubuta da kalmomi a gefenta, domin mai gyara cikin sauri yakan ƙara 1 a gaban lamba ya manta da kalmomin. Ka duba ko an kankare wani abu, ka duba hatimi, ka duba ko biro ɗaya da hannu ɗaya ne suka sa hannu wa ejan duka. Bayan nan sai ka kwatanta da EC8B, wato takardar tattara sakamakon mazaɓa, in ka samu, saboda sau da yawa tsakanin rumfa da wajen tattarawa ne lamba ke canza kaya.

Yanzu inda ya gaza, kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne duniya ta gani. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon 'yan majalisar tarayya yana hawa amma na shugaban ƙasa ya ƙi, har dare ana jira, alhali hukumar ta sha alƙawarin cewa daga rumfa za a riƙa gani nan take. Daga baya ta ce matsala ce ta na'ura. Ko ka yarda da bayanin ko ba ka yarda ba, ranar da aka fi buƙatarsa ce ya ba da kunya, kuma amanar da ta zube a daren nan ba ƙarama ba ce. Ga kuma matsalar hoto mai dishi-dishi, a ƙarar da Peter Obi da jam'iyyar LP suka shigar sun ce takardu 18,088 ne ba sa karantuwa. Na'urar da ke iya gane fuska da yatsa ya kamata a ce ta iya ƙin karɓar hoton da ba a ganin komai a cikinsa, ko manhajar banki ma tana ce maka sake ɗauka.

Wani abin kuma da ke cinye lokaci, shafin ba ya yi maka jimla, hoto ne tsagwaronsa, don haka sai ka buɗe rumfa ɗaya bayan ɗaya kana kwafar lamba zuwa Excel, mutum ɗaya na karantawa ɗaya na bugawa na uku na sake dubawa don ido na gajiya. Ga agogo na tafiya, kwana 21 kacal doka ta ba ka daga ranar da aka bayyana sakamako ka shigar da ƙara, taraibunal kuma kwana 180 gare ta ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60. Mu namu na majalisar jiha ne da sauƙi, ka yi tunanin mai neman gwamna a jiha irin Kano mai ƙananan hukumomi 44.

Amma babban abin da nake so 'yan uwa su riƙe shi ne matsayin da kotu ta ba shi a shari'o'in 2023, don nan ne mutane da yawa suka sha mamaki. Kotun Ƙoli a hukuncinta na 26 ga Oktoba 2023 kan ƙarar Atiku Abubakar da ta Obi ta nuna cewa IReV ba wajen tattara sakamako ba ne, na kallo ne don jama'a, kuma rashin ɗora sakamako a kansa shi kaɗai bai isa a soke zaɓe ba. A shari'ar Osun ma taraibunal ta cire gwamna Ademola Adeleke a Janairu 2023 kan zargin aringizo a rumfuna 744, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Mayu, aka ce mai zargin aringizo ya kawo ita kanta BVAS ɗin ko rahoton abin da ke cikinta, ba abin da ya ciro daga rumbun bayanai na intanet ba. Ma'ana sikirinshot ɗinka tocila ce kawai, tana haska maka inda za ka tona, tonon kuwa sai lauya ya nemi kwafin da hukuma ta tabbatar wato CTC, ya nemi izinin kotu a duba kayan zaɓe, ya kawo ejan da ya tsaya a rumfar ya ba da shaida.

Mutanen Kano ma sun fi kowa sanin wannan. A zaɓen gwamna na 2023 an bayyana Abba Kabir Yusuf da ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Gawuna 890,705, amma ranar 20 ga Satumba 2023 taraibunal ta zabge 165,663 daga na Abba bisa cewa babu hatimi ko sa hannu a jikin ƙuri'un, sai 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da su. Duk wannan dambarwar a kan bayan takardar ƙuri'a aka yi ta, abin da IReV ba ya nunawa kwata-kwata. Haka nan ba zai nuna maka wanda aka ba taliya da atamfa a bayan layi ba, ko rumfar da 'yan daba suka kori mata kafin a fara, takardar na iya fitowa fes lissafi ya daidaita alhali tun da safe aka gama aika-aikar.

Shi ya sa na tsaya a uku. Ga ɗan jarida, mai sa ido, ko matashin da ke son ya ga ko abin da aka ƙirga a gabansa shi aka rubuta, ina ba da shawara ɗari bisa ɗari, kuma in ka buɗe ka sauke hoton ka ajiye tare da lambar rumfar da lokacin da ka sauke. Ga ɗan takara kuwa, kuɗin da zai ba yaran soshiyal midiya su yi ta yawo da hotuna gara ya kashe su wajen samun ejan da ya iya karatu, ya ba shi abinci da fawa bank da 'yar leda ta saka kwafin EC8A, ya kuma ja masa kunne kar ya matsa daga rumfa sai an ɗauki hoton a gabansa.