Gwajin leƙa hanji da na yi a wani asibiti a Unguwar Rimi

Ciwon dajin babban hanji ne ajalin Babanmu yana da shekara 46, yayansa ma shi ya ɗauke shi, shi yasa na kai kaina wani asibitin kuɗi nan Unguwar Rimi aka min kolonoskofi, wato a saka kyamara a duba hanji.

Gaskiya likitan ya burge ni, bai min gaggawa ba ko kaɗan. Ya ɗauko biro ya zana danginmu a bayan kati, wanda ya rasu ya ja masa layi, yace gida irin namu ana zargin cutar Lynch, wato matsalar da ke ƙara haɗarin kamuwa da dajin hanji, ita ake gada kuma in uba na da ita kowane ɗa nashi rabi da rabi ne. Na tambaye shi to ya wani zai gada ya kamu wani kuma lafiya lau? Yace cikin abubuwan da ake bincike akai harda ƙwayoyin bakteriya na hanji, akwai wani nau'in E. coli mai fitar da guba colibactin da ke lalata DNA, wato ƙwayoyin halittar gado, amma yace kar in yarda wani ya sayar min da yogot ko maganin gargajiya da sunan rigakafi, gwajin duk shekara 1 zuwa 2 shine abin yi.

Maganin wanke cikin kam akwai wahala wallahi, kwana nayi ina zarya bayi. Inda suka gaza kawai, sunce ƙarfe 8 sai 11 aka kira ni ga yunwa, kuma da tsada. An cire min ɗan tsiro ɗaya. Wata mai zuwa ƙanwata zan kai insha Allah.