Lema, kirtani ko fiffike: me zai sauko maka da rokarka lafiya?

Ɗalibai 'yan Zango da ke jami'ar KNUST ta Kumasi, masu haɗa roka da kansu, sukan fara tambaya da inji: H za su sa ko I (haruffan da ke nuna ajin ƙarfin inji)? Ni kuwa na ce a fara da saukowa. Daga injin H ake kiran roka mai ƙarfi, kuma nauyin irinta ya isa ya huda kwanon wani a Aboabo.

Dogon kirtanin ƙyalle ya fi komai araha, amma na ƙananan rokoki ne. Fiffiken da ke juyawa irin na jirgi mai saukar ungulu kuwa gwanin kallo, sai dai maƙalansa ba sa jure gudun babban inji. Bar su ga masu gwaji.

Lema ɗaya mai buɗewa can ƙololuwa ita ce ta gargajiya. Yi lissafi: daga tsayin mita 600, tana saukowa mita 5 a daƙiƙa, minti biyu ke nan a sama. In iskar hunturu na tafiya da wannan saurin, ta kwashe maka ita mita 600, ga hazo ya rufe ido. Sai bin gonakin mutane ana sallama.

Shi ya sa gwanaye ke buɗewa sau biyu, ƙaramar lema a sama, babbar a kusan mita 150. Na'urar auna tsayi ce ke kunna ɗan albarushi ya turo ta. Tana aiki, amma ga waya, ga batir, ga albarushin da mallakarsa ke buƙatar izini.

Zaɓina wata 'yar na'ura ce mai suna Chute Release, ta kamfanin Jolly Logic. Inji ne ke fitar da lemar kamar kullum, amma a ƙunshe, ɗaure da roba, sai ta iso tsayin da ka saita, tsakanin ƙafa 100 da 1,000, roba ta saki. Da USB ake cajinta. Aibinta: daga waje ake odarta, dala kuma ba ta tausayin sidi. In ka manta ba ka kunna ta ba, ƙunshin zai faɗo yadda ka ɗaure shi.

Lemar kanta kada ka sayo. Nemi yadin nailan mara yagewa, ka kai wa tela a Asawase, ka ce ya ninka ɗinki inda igiyoyi ke kamawa. Igiyar Kevlar da ƙyallen Nomex mai tare wuta, waɗannan kam sai oda.

Kafin ka biya ko kobo, je wa hukumar jiragen sama ta Gana da maganar fili da izinin harbawa.