Arewa House Kaduna: in kun shigo gari ku daure ku leƙa

Wai ashe akwai ƴan Kaduna da aka haifa a garin, suna wucewa ta Rabah Road kullum amma ba su taɓa shiga Arewa House ba, sun ɗauka zauren taron ƴan siyasa ne kawai. To jama'a gidan Sardauna ne fa, nan Sir Ahmadu Bello ya zauna lokacin yana Firimiyan Jihar Arewa, kuma nan sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka afka masa da tsakar dare ranar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu suka cinna wa gidan wuta. Allah ya jiƙansu da rahama.

Da na shiga abin da ya fara kama ni shirun wurin ne, ga manyan itatuwa ga inuwa, hayaniyar titi duk ta tsaya a bakin get. Ɓangaren kayan tarihi akwai hotunan Gamji da ministocinsa da sarakunan wancan zamani, na daɗe tsaye ina kallon rawunna da manyan riguna, wani dattijo a gefena yana nuna wa jikansa fuskoki yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba rubutun ƙasa ba, yaron kuwa sai tambaya yake jerowa. Wallahi da aka zo maganar daren nan sai da jikina ya yi sanyi, don karatu a littafi daban, tsayuwa cikin harabar da abin ya faru daban.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne ba a mayar da gidan wurin juyayi kawai ba. An maida shi mazaunin cibiyar adana tarihi da bincike wadda aka kafa a 1970, Farfesa Abdullahi Smith, Baturen nan masanin tarihi da ya musulunta, shi ne daraktanta na farko, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, jami'ar da shi Sardaunan ya kafa a 1962. Laburarensu cike yake da tsofaffin takardun gwamnatin Arewa da jaridu da rubutattun littattafan malamanmu na Larabci da ajami, za ka ga ɗalibai masu digiri na biyu da na uku sun duƙufa suna ta kwafa. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tura yaran Arewa makaranta, ai wannan ya fi dacewa da gidansa.

Shawarata ku je ranar aiki da safe, kar ku yi zuwan sauri na ɗaukar hoto a wuce, ku nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku don bayanin baki ya fi daɗi. Malaman sakandare don Allah ku riƙa kai ɗalibai, kuma in da hali a tafi da wani tsoho da ya ga zamanin.