Oba-obar da muka sai ma 'yan sintirin garinmu, tana aiki amma ba ta riƙe sirri

Masu tambayata kan oba-obar nan 'yar China baƙa mai eriya da ake saidawa wajen masu kayan lantarki a Babbar Kasuwa, to ga abin da na gani. Karo-karo muka yi muka sai ma 'yan sintirin ƙauyenmu can wajen Sabon Birni, don tun sanda aka yanke netwok a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a Satumbar 2021 kowa ya gane waya ba abin dogaro ba ce, ko yanzu ma akwai inda sai ka hau tudu ko ka kama layin Nijar sannan ka yi kira.

Batir ɗinta ba laifi wallahi, tana kwana in ba a cika surutu ba, ƙaramar sola ta ishe ta caji, ga tocila ga FM. Nisa kam kar mai shago ya ruɗe ka da abin da ar rubuce a kwali, a fili fetal tana kai kilomita biyu zuwa uku, da an gangara kwari ko gero ya yi tsawo sai shuuu kawai kake ji.

Babbar matsalar ita ce ba ta da makulli, duk mai irinta in ya juya ya faɗo kan lambarku yana jin komi, kuma ɓarayin dajin nan su ma kasuwa ɗaya muke ci da su, ballantana infoma da ke zaune cikin gari yana sallah sahu ɗaya da kai. Yaranmu dole suka koma magana da zaurance, ba a faɗin sunan mutum ko na hanya. Sannan ba ta haɗa ka da soja, su nasu layin daban ne, hedikwatar Runduna ta 8 kuma tana cikin Sakkwato, labari sai dai a ɗauki babur a kai sansani mafi kusa, kafin a tantance a yi shiri ɓarayin sun tashi daga wurin ko sun tsallaka iyaka, haka mutanen Tangaza da Gudu ke fama da 'yan bindigar Lakurawa. In kuma soja suka yi gaggawar kai hari ba a tantance ba Allah ya kiyaye, ba mu manta da mutanen gari da suka rasu a harin jirgin soja na Silame ranar 25 ga Disamba 2024 ba.

Don tada gari cikin dare ko kiran masu gadin ƙofar gabas su zo yamma, kuɗinku bai faɗi ba. Amma ku sanar da hakimi da DPO da kwamandan sojan yankinku kafin ku fara aiki da ita, kuma kar wanda ya sa ta aljihu ya bi ta shingen bincike ba katin shaida, sai ya kwana yana bayani.