Bubblegum Crisis na 1987: na gama duka kashi 8, ga abinda na gani

Jiya da daddare na ƙarasa kallon Bubblegum Crisis, tsohon nake nufi wanda ya fara fitowa a Japan a 1987 ya ƙare a 1991, kuma wallahi har yanzu Sylvie, wata daga cikin 'yan labarin, na raina. Ƙanina ne ya turo min a waya yace yaya ka daure ka kalla, da farko na yi ta jan ƙafa saboda katun ɗin ya tsufa, amma mintocin farko kawai suka kama ni, Priss na kan dandamali tana rera waƙa, ana nuno ta ana nuno wani mutum-mutumi yana ta ragargazar 'yan sanda a kan titi, kiɗan da harbin suna tafiya tare kamar an auna su.

Labarin a birnin MegaTokyo ne a shekarar 2032, bayan girgizar ƙasa ta 2025 ta rusa Tokyo. Kamfanin Genom ya sake gina garin, shi ne kuma ke ƙera mutum-mutumin da suke kira Boomer, wasu na aikin ƙarfi, wasu na yaƙi, wasu in ka gansu sai ka rantse mutane ne har sai fatar ta yage ƙarfen ya fito. In suka haukace akwai rundunar AD Police, amma gaskiya kullum an fi ƙarfinsu. To a nan Knight Sabers suke shigowa, mata huɗu cikin sulke da ke rufe su tun daga kai har ƙafa, ana ɗaukarsu haya a biya su. Sylia ce shugaba, tana da shagon kayan mata da take fakewa da shi, babanta ne ya ƙirƙiro Boomer kuma mutanen Genom suka kashe shi. Priss mawaƙiya ce mai zafin kai da son babur, Linna na koyar da motsa jiki, Nene kuma ƙwararriyar kwamfuta ce da ke aiki a cikin AD Police ɗin kanta tana kawo musu bayanai.

Zanen da hannu aka yi shi kuma ana gani. Ka duba lokacin da babur ɗin Priss ke buɗewa ya zama wani sulken ya rungume ta, ko hasken fitilu a kan kwalta da dare, sai da na mayar baya sau biyu. Kenichi Sonoda ne ya zana fuskokin.

Amma kashi na 5 shi ne wanda ya taɓa ni. Sylvie Boomer ce da ta gudo daga wata tasha a sararin samaniya tare da ƙawarta Anri, su ba abinda suke so sai 'yanci, Anri ta ji rauni tana buƙatar jini, shine Sylvie ke fita da dare da wani injin yaƙi tana kashe mutane don samo jinin, da rana kuma ga ta nan ta zama ƙawar Priss suna yawo a babur suna dariya, Priss bata san komai ba. A ƙarshe injin ya ƙwace mata, akwai bam a jikinsa da zai tashi da garin, Sylvie da bakinta ta roƙi Priss ta harbe ta. Na ajiye wayar na yi shiru na ɗan lokaci. Tun kashi na farko ake nuna maka Boomer abin kashewa ne kana tafi, sai gashi an sa ka kana tausayin ɗaya, kuma ba a wanke ta daga laifin kisan ba. Kashi na 6 ya ɗora daga nan, Priss ta kusa ajiye aikin gaba ɗaya, ga Largo, wani mugun Boomer mai ƙarfin gaske, ya fito fili.

Inda na ji haushi, labarin bai ƙare ba. Kashi 13 aka shirya, rigima tsakanin kamfanonin da suka yi shi ta sa aka tsaya a 8, shi kuma na 8 ɗin labarin Nene ne mai sauƙi, yana da daɗi amma Quincy shugaban Genom na nan zaune a kujerarsa ba abinda ya same shi, sirrin Sylia ma an ɗan leƙa an bari. Kashi na 2 da na 3 kuma sun yi kama da juna, a kashe wani na kusa da su, su tafi ramuwa.

Sannan iyaye a kula, ba na yara bane, akwai jini da ɗan tsiraici nan da can, kar a ga katun a miƙa wa yaro waya.

Na kalle shi da muryar Japananci da fassarar Turanci a ƙasa kuma haka nake ba kowa shawara saboda waƙoƙin Priss. Akwai Bubblegum Crash mai kashi 3 da ya biyo baya a 1991, da Tokyo 2040 na 1998 mai kashi 26 wanda aka sake labarin daga farko, shi zan fara a satin nan in Allah ya yarda. Wannan dai na ba shi 8 cikin 10, duk wanda zai kalla ya daure ya kai kashi na 5 kafin ya yanke hukunci.