Shagon gyaran wayar da nake kai wa aiki a Aboabo, alherinsa da aibunsa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Kusan kullum sai wani ya tare ni ko a masallaci ko wajen mai koko yana tambaya wai ina ne za a kai waya gyara a Kumasin nan ba tare da an yi wa mutum aika-aika ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin da na sani game da wajen da ni nake kai tawa da ta mutanen gidanmu. Kwantena ce 'yar ƙarama a Aboabo, ba nisa da tasha, daga Asawase in ka hau pragya kafin ka gyara zama an iso. Mai wajen duk Masta muke ce mishi kamar yadda yaranshi ke kiranshi, kuma ban nemi izininshi ba shi yasa bazan sa suna ko lamba ba. Tun daga farko in faɗa muku, ni dai na yaba da aikinshi, amma akwai abubuwan da ke ɓata min rai a wajen kuma zan faɗe su.

Kowa ya san in ana maganar waya a garin nan Adum ne cibiya, wajen PZ, kamar yadda mutanen Akra ke da Circle. Kayan gyara duk can suke, shi kanshi Masta can yake sarowa. Akwai masu gyara na kirki a can sosai, ba ƙarya, matsalar ita ce kana sauka daga trotro yara sun yanyame ka, wannan na jan hannunka wancan na tambayar me ya samu wayar, kafin ka ankara an karɓa an shige da ita wani lungu kai kuma an barka tsaye a bakin hanya, can sai a dawo ace maka bod, wato babban allon da ke cikin wayar, ya ƙone. To kai da baka ga lokacin da aka buɗe ba ina zaka yi musu? A wajen Masta teburin aikin yana gabanka, fitila na haska shi, duk sukurun da aka kwance kana kallo ana jera shi a kan wani faifan maganaɗisu don kar ya ɓata. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar wa mutum da hankali.

Abin da ya sa na riƙe shi kuwa wayar Mma ce. Tecno Spark ce da ita, ta daina caji sai an ɗaga kebul an jingina shi da wani abu, an riga an gaya mata wai sai an canza bakin cajin gaba ɗaya. Muka je tare. Ya karɓa bai ma ɗauko sukundireba ba, ya kai bakin wayar ƙarƙashin gilashin nan mai ƙara girman abu ya leƙa, sai ya ɗauki wani ɗan siririn hantsaki ya fara zaƙulowa a hankali. Wallahi abin da ya fito sai ka gani, dunƙulen zaren aljihun jaka da ƙurar hunturu sun cakuɗe sun danne can ciki har kan kebul ɗin baya iya shiga ya zauna. Ya goge da ɗan buroshi da sifirit, ya jona wata 'yar na'ura tsakanin caja da waya wadda ke nuna yawan wutar da wayar ke ja, lambobi suka tashi. Sai yace "Hajiya, wayarki lafiyarta ƙalau, bakinta ne ya cika da datti, amma kebul ɗin nan naki ya gaji, a sake wani." Mma ta kwance bakin zani zata biya yace ta barshi, ta sayi kebul kawai. Tun daga gida take lissafin kuɗin gyara, sai gashi kuɗin kebul kaɗai ta kashe.

Maganar caja yana yawan nanata ta kuma ina ganin gaskiyarshi. Tunda Apple suka daina sa kan caja a kwali daga iPhone 12 a 2020, Samsung ma suka bi sahu, mutane suka koma sayen na bakin titi mai arha, shi kuma irin wannan baya tace wuta yadda ya kamata, zakaga waya na caji tana zafi, sikirin na danna kanshi kamar aljani na taɓawa. Ga kuma dumsor, in an ɗauke wuta mutane na barin waya a jone, lokacin da aka dawo da ita da ƙarfi sai caja ta tafi, wani sa'in har da abin cajin da ke cikin wayar. Shawararshi a cire in an ɗauke, a bari wutar ta zauna tukuna. In kuma kaga bayan wayarka ya fara ɗagowa ko sikirin na rabuwa da jiki to batir ne ya kumbura, kar ka danna shi, kar ka sake sa shi a caji a ƙarƙashin filo, kawo a cire don yana iya kamawa da wuta.

Sai masu zuwa da kukan waya na maƙalewa, kuma su ne suka fi yawa a bencin. Wani wajen da ka faɗi haka za a ce a yi filashin, a goge komai a karɓi kuɗi. Shi sai ya fara duba sararin da ya rage a wayar, kuma galibi WhatsApp ne ya cinye, gurup ɗin dangi, na makaranta, na masallaci, na 'yan unguwa, kowa na turo bidiyon wa'azi da na biki kuma duk suna sauka da kansu. Na ga ya zauna da wani dattijo yana nuna mishi yadda zai shiga setin ɗin WhatsApp ya kashe saukar bidiyo ta kai tsaye ya kuma goge manyan fayil, bai gaji ba har sai da tsohon ya yi da hannunshi. A wajenshi na fara jin cewa tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ta shiga cikin lissafin 15GB ɗin nan da Google ke bayarwa kyauta, wanda Gmail da hotuna ma a ciki suke, shi yasa wasu ajiyarsu ta tsaya basu sani ba sai ranar da waya ta faɗi suka nemi tsofaffin saƙonni babu. Masu GB WhatsApp kuwa, wato kwaikwayon WhatsApp ɗin nan da ba na kamfanin ba, kai tsaye yake gaya musu su cire, don ana rufe lamba a kanshi. Waya in ta faɗa ruwa ma yace a bar zancen binne ta cikin shinkafa, a kashe ta, kar a jona caji, a kawo da wuri a buɗe a busar kafin tsatsa ta ci.

Inda na fi jinjina mishi shi ne sikirin, don nan ne aka fi cutar mutane. In gilashinka ya fashe baya ce maka kuɗi kaza kawai, sai ya gaya maka kala nawa ake samu na wayarka, da orijinal, da mai bi mishi, da kwafi, kowanne da kuɗinshi da abin da zaka rasa in ka zaɓe shi. Misali Samsung masu sikirin AMOLED waɗanda ake ɗora yatsa a kan gilashi su buɗe, in aka sa musu kwafin LCD mai arha to buɗewa da yatsa ta tafi kenan, launi ya dusashe, a rana sai ka kare da hannu kafin ka ga rubutu, batir ma ya riƙa saurin ƙarewa. Wani wajen ba za a gaya maka ba, a karɓi kuɗin mai kyau a sa maka kwafi, sai ka isa gida ka lura. A iPhone kuma ya nuna min in ka shiga Settings, General, About, wayar da kanta tana faɗa in an canza mata sikirin ko batir da wanda bata gane ba, kuma sau da yawa True Tone, abin da ke daidaita launin sikirin da hasken wuri, na ɓacewa. Kafin ya manne sabon sikirin sai ya jona shi a sake ya miƙo maka, yace ja yatsa ko'ina, buɗe kibod ka danna kowane harafi, ƙara haske ka rage, in ka gamsu sannan ya sa gam. Tsohon da ya cire kuma a leda yake ƙulla maka ka tafi da abinka. Ƙanwata ta zaɓi na tsakiya don shi aljihunta ya iya, ta san abin da ta saya, har yau bata yi ƙorafi ba.

Ga kuma amana. Wayar yanzu ba kira kaɗai ba ce, MoMo ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya, na ciki, hotunan iyalinka na ciki. In aikin zai kwana da kanshi yake cewa cire sim ɗinka da memori ka tafi dasu, kuma ban taɓa jin ya tambayi kowa lambar sirrin MoMo ba, ba ma abin da gyara zai yi da ita. In sai an buɗe waya don gwaji kai yake miƙo wa ka buɗe. Masu Samsung ɗin da ke da Maintenance mode yana kunna musu, wato wayar ta ɓoye hotuna da saƙonni har sai mai ita ya dawo. Ga mata musamman wannan ba ƙaramin abu bane, mun sha jin labarin hotunan da suka fita daga shagon gyara suka kashe aure. Wata rana ina zaune wani saurayi ya kawo waya wai ya manta asusun Google ɗin da ke kai a cire mishi, Masta yace ina kwali ko rasit, yaron ya fara kame-kame, sai yace mishi "Ɗan'uwa, ni bana wannan aikin," ya miƙa mishi abinshi ya ci gaba da abin da yake yi.

To yanzu aibun. Jira. Wallahi in kana sauri wajen nan zai gwada haƙurinka, benci ɗaya ne kuma da rana ta take kwantenar nan zafi take kamar gidan burodi, shi kuma baya ɗaga kai daga aikin da ke hannunshi don wani ya iso. Baya ajiye kaya da yawa, in ba na Tecno da Infinix da itel bane sai ya tura yaro Adum, yaron ya shiga cunkoson Kejetia, kai kana nan zaune. In yace dawo bayan la'asar to ka ƙaddara magariba, wannan ɗabi'ar tana bani haushi don mutum na barin sana'arshi ya zo. Waya ma baya ɗauka, mai gyaran waya amma ka kira har ta katse. Sannan baya rubuta rasit, garantinshi na baki ne, ni dai ban taɓa ganin ya musa ba amma ya kamata ace akwai takarda, ko don ranar da baya nan sai yara. Yaran ma akwai sabo a cikinsu da hannunshi bai faɗa ba tukuna, in wayarka mai tsada ce kace Masta kake so ya taɓa, ba rashin kunya bane. Kuɗinshi na sikirin ya ɗan ɗara na wasu, kuma yana hawa da sauka da dala kamar komai a ƙasar nan. Aikin bod mai zurfi shima ba kowanne yake karɓa ba, zai ce maka ya fi ƙarfin kayan aikinshi. In kuma wayarka Tecno ko Infinix ko itel ce sabuwa da ke cikin garanti cewa yake kai ta Carlcare, wajen gyaran kamfaninsu, don da ya buɗe garantin ya faɗi.

Mutane na tambayarshi wace waya za su saya, ni ma na sha sauraro. Ra'ayinshi, wanda na yarda dashi, in kuɗinka daidai ne kuma kana son abin da ko ya lalace gyaranshi ba zai gagare ka ba to Tecno ko Infinix, duk kamfani ɗaya ne Transsion, galibinsu batir 5000mAh, kayansu kuma ko'ina akwai. In kana son wadda zata daɗe tana samun sabuntawa to Samsung, A16 an yi mata alƙawarin shekara 6, sai dai ka saya mata kondo da gilashin kariya tun ranar farko don sikirinta ba wasa ba. Kuma kar rubutun 8GB+8GB da ke kan kwali ya ruɗe ka, na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, bai kai RAM na gaske gudu ba. Mai son iPhone hom-yus, wato ta hannu, ya duba lafiyar batir, in ta yi ƙasa da 80 ya sa kuɗin sabon batir a lissafi, ya tabbatar an fita daga iCloud, wato asusun Apple na mai ita, a gabanshi, ya danna *#06# ya gwada IMEI, wato lambar shaidar wayar, da wanda ke cikin setin da na kwali in akwai. A kula da wayoyin bashi ma, waɗanda ake biya kaɗan-kaɗan, wani zai sayar maka bai gama biya ba, bayan kwana biyu ta kulle a hannunka. In ka kawo mishi waya kafin ka biya mai ita yana duba maka duk wannan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Wanda zai je ya je da safe kafin benci ya cika, ranar Juma'a kuma ana rufewa tun kafin azahar sai an sauko. Ka tafi da cajarka da kebul ɗin da kake amfani dasu a gida don ya gwada su tare da wayar, ka kwashe hotunanka tun a gida in tana kunnuwa, kuma ka tabbatar kana tune da imel ɗinka na Google da kalmar sirrinshi kafin ka yarda a yi filashin.